Zanen da Na Kulle a Akwati

Wata biyar ke nan da muka binne Mama, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro a kan maganarta. Ni Rifkatu, malamar firamare ce a Kafanchan. Shekara goma sha tara ina koyarwa, kuma ina alfahari da cewa babu ɗalibin da zai yi mini ƙaryar ciwon ciki in kasa gane shi. Wannan alfaharin ne ya cuce ni, ya cuci uwata. Na rubuta wannan ne domin mai tsoho a gida ya karanta kafin ya yi irin wayon da na yi.

Mama ta dawo wurina bayan rasuwar Baba, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Mace ce da ba ta san zama ba. A ƙauye ita ke noman cittarta, ita ke yankawa ta shanya, ita ke ɗaukowa a ka. Da ta zo gari, kafin ta cika wata biyu ta shiga zumuntar mata ta cocinmu, ta sayi zanensu, ta zama ita ce a gaban layi duk Lahadi in an fita rawar baiko, wato kai sadaka gaban coci. Mama Saratu, wadda ke buga tulu a zumunta, takan ce ba ta buƙatar kallon kowa, ƙafar Mama kawai take kallo ta san ko kiɗa ya zauna.

Abin ya fara ne da hannun hagu. In tana zaune ba ta komai, sai babban yatsa ya riƙa murza ɗan'uwansa kamar tana duba ko gari ya yi laushi. Da ta miƙa hannun ta ɗauki kofi, sai ya tsaya cak. Na ce sanyi ne, ita ta ce tsufa ne, muka yi dariya. A makonnin nan ne miya ta ƙone mata sau biyu tana zaune kusa da tukunyar, ta ce ita ba ta ji ƙauri ba. Na yi ta faɗa a kan asarar kifi, ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi hancin da ke gane daddawa mara kyau daga bakin ƙofa ya daina aiki ba.

Bayan wata kamar uku na kai ta wani asibitin kuɗi. Aka ɗebi jini, aka ce taifot da maleriya, waɗanda dama a garin nan ko ƙaya ce ta soke ka su za a fara samu. Ta sha magani mako biyu, hannu bai fasa ba. Muka koma, aka ce jininta ya ɗan hau, aka ƙara wasu ƙwayoyi. Daga nan 'yan'uwa suka karɓi aikin likitanci. Wata goggonmu ta ce shanyewar jiki ce ke sallama, a shafa mata man kaɗanya da citta. Wani kawu ya aiko da saiwoyi a jarka, masu ɗacin da ko akuya ba za ta kusanta ba. Wata ta ja ni gefe bayan an tashi daga coci ta ce in bincika gonar da Baba ya bari, domin irin wannan rawar hannu ba ta zuwa haka kawai. Mama ta sha, ta shafa, aka yi addu'a, ba ta taɓa cewa a'a ba.

Sannan tafiya ta canza. Hannun hagu ya daina lilo, taku ya zama ƙanana, tana jan silifas a ƙasa. Fuskarta ta daina motsi. Jikokinta za su dawo daga makaranta su ba ta labari, ta kalle su kamar masu karanta mata takardar haraji. Muryarta ta yi ƙasa har sai na ce "Me?" sau biyu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙofa. Za ta taso daga falo lafiya, tana zuwa bakin ƙofar kicin sai ta tsaya, ƙafafun suna karkarwa a wuri ɗaya kamar an zuba musu danƙo. Ni kuma ina bayanta da tukunyar ruwan zafi, ƙarfe bakwai ta kusa.

"Mama, ki wuce mana."

"Ƙafa na ya maƙale."

"Me ya riƙe shi? Ba komai a ƙasan nan."

Sai ta fara 'yar waƙa da yarenmu a ƙasan maƙoshi, tana kaɗa kai, can sai ƙafar ta ɗaga ta wuce. Ni a lokacin gani nake wasa take yi da hankalina.

Domin ga abin da ke faruwa ran Lahadi. Matar da na ɗaura wa zani da hannuna, na riƙe ta muka hau keke Napep da ƙyar, da zarar Mama Saratu ta buga tulu, ganga ta amsa, sai ta miƙe. Ta shiga layi, ta yi taku biyu gaba ɗaya baya, kafaɗa na tafiya, har gaban bagade, teburin ibada, ta ajiye baikonta ta juyo. Duk ikilisiya na gani. Mata su ce mini, "Malama, mun gode wa Ubangiji, Mama ya warke." Mu dawo gida, ta tsaya a bakin ƙofar bayi har fitsari ya zubo mata.

Na tambaye ta sau ɗaya, kuma ba tambayar neman sani ba ce. Na ce, "Mama, rawa kina iyawa, amma zuwa bayi sai an ɗauke ki?" Ta ce, a hankali, "In na ji kiɗa, ƙafa yana sakewa." Na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Na ce a raina, ato, abin da take so tana iyawa.

Ƙanena Yohanna ya zo daga Kaduna lokacin Ista. Na yi wata da watanni ina kiransa ina cewa Mama ba lafiya, ina kukan wankin zannuwa da makara a makaranta. Ya zo ya zauna a coci ya ga uwarsa a gaban layi. Da muka fito ya kalle ni yana murmushi ya ce, "Sista, wannan ne mara lafiyan? Ai ya fi ni ƙarfi." Bai faɗa da mugunta ba, amma maganar ta shige ni har ƙashi. A ranar ce kuma, da aka tashi, kiɗa ya tsaya, jama'a suka cunkushe a ƙofar coci, Mama ta maƙale a kan matakala, aka ture ta ba da gangan ba, ta faɗi ta fasa gira. Ɗinki huɗu aka yi mata.

Da yamma na ɗauki zanen zumuntarta da ɗankwalin, na ninke, na sa a ƙasan tsohon akwatin ƙarfe na aurena, na kulle. Na ce mata, "In ba ki da lafiya, ki zauna a gida kamar mara lafiya. Ranar da kika iya zuwa bayi da kanki, ranar za ki koma rawa." Haka nake yi wa 'yan aji huɗu, in hana su fita wasa sai sun gama aiki. Na gaya wa mijina Bitrus cewa tsoron faɗuwa ne ya sa. Akwai tsoron, ban musa ba. Amma haushi ya fi yawa, da kunyar a ce ina yi wa uwata ƙaryar ciwo. Fuskar Mama ba ta nuna komai ba, sai na ce ashe ma bai dame ta ba.

Mama Saratu ta zo har gida sau uku. "Malama, Mama naki yana ina? Layi ya lalace, ba wanda yana ja." Na ce likita ya ce ta huta. Babu likitan da ya faɗi haka. Ta ce to bari su zo da tulu su yi mata waƙa a gida. Na ce hayaniya na tayar mata da hawan jini. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi addu'a ta tafi.

Wata takwas Mama ta yi a gida. A watan farko tana zagaya tsakar gida tana dafa bango. A na uku sai daga gado zuwa kujera. Damina ta shigo, sanyi ya kama gwiwoyin, bayanta ya lanƙwashe. Miyau ya fara zuba, na ɗaura mata tawul a wuya. Bayan gida sai ta yi kwana biyar ba ta yi ba. Ran Lahadi mukan bar ta da rediyo, mu dawo mu same ta yadda muka bar ta. Cocinmu ba nisa, in iska ta juyo ana jin tulun daga tagar ɗakinta. Na sani, domin wata Lahadi da zazzaɓi ya hana ni fita na ji shi da kunnena, na kuma ga diddigenta na dama yana bugun ƙasa. Na gani, na juya na koma ɗakina.

Wadda ta fara gaya mini gaskiya maƙwabciyarmu ce, Hajiya Binta mai hatsi, wadda kakanninta ma a kasuwar garin nan suka yi ciniki. Kullum takan aiko wa Mama da kunun gyaɗa. Wata rana ta shigo da kanta, ta zauna ta riƙe hannun Mama tana kallon yatsun. Da na raka ta ƙofa ta ce, "Malama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ba son jiki ba ne. Baffana ya yi irinsa sak, har tsayuwar bakin ƙofar. Ciwo ne na cikin kai, kuma akwai likitocinsa a Jos. Ki kai ta." Allah ya saka wa matar nan da alheri. Da ta yi shiru irin na masu gudun shiga sha'anin mutane, da har yau ina nan ina ganin ni ce mai gaskiya.

Zuwa Jos ba wasa ba ne da mai jiki a sandare. Muka ɗauki shatar mota, Bitrus ya ɗauke ta kamar jaririya ya sa a baya. A hawan dutsen hanyar Jos ta yi amai sau biyu. Muka isa muka tarar da layin yankan kati ya kai waje, muka gama da shi bayan azahar, sannan aka ce likitan ƙwaƙwalwa sau ɗaya yake zama a mako, kuma jiya ya zauna. Aka ba mu rana bayan mako uku. Muka juyo da ita haka nan. Na yi kuka a mota, amma kukan gajiya ne, na nadama bai zo ba tukuna.

Ranar da muka koma, mun fi mutum arba'in a kan benci, wasu daga Bauchi, wasu daga Lafiya. Sai wajen ƙarfe biyu aka kira mu. Likitan ba babba ba ne, yana da haƙuri, Hausarsa irin tamu. Ya lanƙwasa hannun Mama ya miƙe, ya sa ta haɗa yatsu ta buɗe, ya tambayi ko tana jin ƙamshi, ya tambayi bayan gida. Ko jini bai ɗiba ba. Ya ce sunan ciwon Pakinson. Ya tambayi daga ina muke, na ce Kafanchan, mahaifina ma ɗan reluwe ne.

Ya ce, "To za ki gane da sauri. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani wuri, mu muna ce masa besal gangiliya. Aikinsa kamar na mutumin da ke ba jirgi hannu a tasha. Inji lafiya, layi lafiya, direba na son tafiya, amma in ba a ba shi hannu ba, ba zai motsa ba. Duk motsin da kike yi ba tare da tunani ba, taku, lilon hannu, murmushi, haɗiyar miyau, wurin nan ne ke sakinsa. A jikin Mama, sinadarin da wurin ke aiki da shi ne yake ƙarewa. Tana so ta tafi. Hannun ne ba a ba ta ba."

Na sa ya rubuta mini sunan a bayan kati, har yau yana jakata. Sannan na yi tambayar da na zo da ita a matsayin hujjata. Na ce, "Likita, amma da tana rawa a coci lafiya lau."

Ya yi murmushi kamar na ba shi kyauta. Ya ce haka ciwon yake. In alama ta zo daga waje, kiɗa ko tafi ko layi a ƙasa, ƙwaƙwalwa na bin wata hanya ta zagaye wurin da ya lalace. Ya sa muka tsayar da Mama, ya fara buga tebur da tafin hannu, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Matar da ta yi wata biyu ba ta taka ba sai an ja ta, ta ɗaga ƙafa. Taku huɗu ta yi kafin gwiwa ta ƙi.

"Kin gani? Rawan nan rabin magani ne. Kada ku bari ta daina. Mama, yaushe rabonki da rawa?"

Bitrus ya sunkuyar da kai. Sai Mama ta ce, da 'yar muryar nan tata, har likita ya matso da kunne, "Zani na ne ya ɓace, likita."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake ji. Uwata, da miyau a haɓarta, ta yi ƙarya a gaban likita don ta rufa mini asiri.

Ya rubuta magani, ƙwaya sau uku a rana, a sha kafin abinci, kada a haɗa da wake ko nama a lokaci guda. Ya ce ba ya warkarwa, yana dai ara wa jiki abin da ya rasa na 'yan awoyi. Maganin na da tsada, kuma na zagaye kemis-kemis na garinmu ban samu ba, sai dai a sayo a Jos a ba direba. Yohanna ya ɗauki nauyinsa, kuma tun da ya ji bayani bai sake yin wasa da maganar ba. Ya kira ni ya ce, "Sista, ka yi haƙuri, ban sani ba." Na ce ni da nake kwana da ita ma ban sani ba, kuma ni an gaya mini.

Washegarin dawowarmu na buɗe akwatin. Damina ta shiga ƙarfen, tsatsa ta ci zanen, ta yi masa jan layi daga gefe zuwa gefe a kan ninkin. Na wanke da sabulu, na sa lemun tsami, na shanya, na goge. Layin bai fita ba. Na kai mata a baranda inda take zaune, na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini. Ba ɓacewa ya yi ba."

"Na sani. Na ga lokacin da ka sa."

"Me ya sa ba ki gaya mini yadda abin yake ba?"

"Na faɗa. Murya na ne ya yi ƙarami."

Na duba fuskarta ina neman ko fushi ko yafiya, ban samu ko ɗaya ba, domin ciwon ya riga ya ɗauke wannan. Sai dai ta ɗora hannun nan mai rawa a kaina, ya yi ta bugun ɗankwalina a hankali. Da wannan nake riƙe har yau.

Magani ya yi aiki, ba zan yi butulci ba. A mako na biyu ta ci tuwon acca da hannunta. A na uku ta yi wa jikarta dariya, rabin baki, muka yi ta murna kamar an yi haihuwa. Na je gidan Mama Saratu da ƙafata na faɗa mata gaskiya, cewa babu likitan da ya hana. Ta ce, "Na sani, yarinya na. Tulu yana nan." Daga ranar, duk Alhamis mata huɗu ko biyar sukan zo gidanmu da tulu da caki. Na manna layukan farin tef a ƙasan ƙofar kicin da ta bayi kamar yadda likita ya nuna. Ni da na ɗauki 'yar waƙar bakin ƙofa wasa, na koma ina bin ta da murfin tukunya da cokali ina buga mata taku.

Amma wata takwas na zama sun riga sun ci abin da suka ci. Gwiwoyin ba su sake miƙewa sosai ba, naman cinya ya zube. Da muka koma asibiti na tambayi likita kai tsaye ko da ta ci gaba da rawa da ba ta kai haka ba. Ya ce ciwon gaba yake yi ko an yi me, amma zama yana sa shi sauri. Mutumin kirki ne, ya so ya sassauta mini, bai dai yi mini ƙarya ba.

Ta koma coci, amma a kujera. Aka sa ta a layin gaba na zumunta, aka ba ta caki. Ta ce wa Mama Saratu, "Hannun nan dama yana neman aiki." Matan suka haɗa baki za su saya mata sabon zani saboda tabon tsatsar, ta ce a'a, wannan ne nata. In an fita rawar baiko, layi yakan bi ta gabanta, kowace mace ta ɗan rusuna, ita kuma diddigenta na bugun siminti. Gaban layin kuwa ba ta sake ja ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni muka samu a haka. Daga baya haɗiya ta fara wuya, ruwa ma sai ya sarƙe ta. Wata Talata kunu ya bi ta hanyar iska, zazzaɓi ya biyo baya, ƙirji ya cika. Kwana shida muka yi a asibiti a nan gida, nas-nas ɗin sun yi iya ƙoƙarinsu, Hajiya Binta na aiko da abinci safe da yamma. Ran Litinin da hantsi Ubangiji ya kira ta, ina riƙe da hannun hagun. Karo na farko cikin shekara uku na ji shi shiru.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In tsohonka ya yi rawa a coci ko a gidan biki, ya dawo ya kasa ƙetare bakin ƙofa, ka yarda da duka biyun, domin duka gaskiya ne. In fuskarsa ta daina motsi, ba ƙiyayya ba ce. In muryarsa ta yi ƙasa, kai ne za ka matsa kusa. Ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da wuri, kuma kada ka karɓe masa abin da ke tayar da shi tsaye. Ciwon ya ɗauki abin da ya ɗauka daga Mama, wannan na bar wa Allah. Amma na zauna da kalanda na ƙirga Lahadin da ke cikin watannin nan takwas, talatin da huɗu ne, kuma a farkonsu tana da ƙafar rawa. Waɗannan ba ciwo ne ya ɗauke su ba, ni ce.

A al'adar zumuntarmu, in mace ta rasu, zanenta ake shimfiɗawa a kan akwatin gawa, matan su raka ta da kiɗa har bakin kabari. Mama Saratu ta zo karɓa, na miƙa mata a ninke, na roƙe ta ta juya tabon ciki. Ta ce to. Amma tsatsa ta riga ta huda zuwa ɗaya gefen. Suka ɗauke ta, tulu a gaba, ita ce ke jan layin mata. Jama'a suna ta cewa jana'iza ta yi kyau. Ni tun daga ƙofar coci har maƙabarta, jan layin nan kawai nake gani.